Littafin da Ruwa Bai Taɓa Ba

Ni da ɗan kawuna shekara ɗaya aka haife mu a Anka, kwana arba'in ne tsakaninmu, kuma ni ne babba. Mahaifinsa wan Innata ne, saboda haka shi taubashina ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan yake nufi: mutum ne da al'ada ta ba shi izinin ya tozarta ka a bainar jama'a, ya tuɓe maka hula, ya ce kai bawansa ne, kai kuwa ba ka da damar yin fushi, sai dai ka rama. Tun muna rarrafe muke wannan wasa. Abin da ban gane ba sai bayan na manyanta shi ne, shi wasa yake yi har zuciyarsa, ni kuwa akwai lokacin da na daina wasa, na ci gaba da amfani da kalmomin wasan kawai.

Tare muka shiga jami'a, tare muka zaɓi ilimin duwatsu da ma'adinai. Lokacin ba a daɗe da yanko Zamfara daga Sakkwato ba, kowa yana cewa arzikin sabuwar jiha a ƙarƙashin ƙasarta yake. A aji na fi shi. Ba yabon kai nake ba, takardun suna nan. Ina iya zana tsarin kowane ma'adini a allo ba tare da na buɗe littafi ba, shi kuwa rabin lacca gyangyaɗi yake yi. Amma da zarar an fita daji sai al'amarin ya juye. Zai tsuguna gaban dutse, ya fasa shi da guduma, ya lashi sabon gefen da ya fashe, ya ɗaga shi ga haske, ya faɗi abin da ke ciki kafin in gama neman shafin da ya dace. Lasar dutse ba ƙazanta ba ce a wannan sana'a, kowa yana yi, domin jiƙaƙƙen dutse ya fi nuna ƙwayoyinsa. Ni dai ban taɓa iyawa ba. Gorar ruwa nake ɗauka ina ɗiga wa dutse. Sai ya sa mini Malam Tsabta, ni kuma na sa masa akuya, tun da ba ya wuce abu bai lasa ba.

A shekarar ƙarshe akan ba ɗalibai biyu-biyu yankin ƙasa su taka shi da ƙafa, kowa ya zana taswirar duwatsunsa. Muka roƙa a ba mu ƙasar gida, aka ba mu wani yanki tsakanin Anka da Bukkuyum, wanda ya bi gefen gulbin Ka. Mun yi kusan wata guda muna yawo a farkon damina.

A nan dole in bayyana abin da muke kira littafin daji, domin a kansa duk labarin nan ya rataya. Ƙaramin littafi ne mai bango mai tauri wanda yake shiga aljihu. Da fensir ake rubutu a cikinsa, saboda tawada takan narke idan ruwa ya taɓa ta. A gaban dutsen ake rubutawa, a tsaye ko a tsugune, ba a bari sai an koma masauki. Kuma ba a gogewa. Idan ka yi kuskure sai ka ja layi ɗaya a kai, yadda za a iya karanta kuskuren, ka rubuta gyaran a gefe. Malaminmu ya faɗi wannan ƙa'ida ya maimaita, an tambaye mu ita a jarrabawa, na kuma ci makin.

Taubashina ya mai da littafina wurin wasansa. Duk lokacin da na ajiye shi don in yi alwala, ko in fasa dutse, sai in dawo in tarar da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza a gefen shafi. A wani wuri ya rubuta cewa bawansa ya riƙe kamfas, na'urar nuna gabas da yamma, a juye, dutsen yamma ya karkata ba gabas ba. Na koma na auna, yamma ne. A wani wurin ya soke sunan da na ba wani dutse ya sa wani, na yi masa raddi a ƙasa, ya yi mini raddi a ƙasan nawa, har shafin ya cika. Sau da yawa shi ne da gaskiya, wasu lokuta ni. A bakin wani tsohon ramin masu neman zinariya muka tsinci wani dutse mai nauyi, toka-toka mai walƙiya, irin wanda mata ke niƙawa su yi kwalli. Shi ne kaɗai dutsen da na ga bai lasa ba. A gefen shafin ya rubuta cewa kada bawansa ya sa wannan a baki, darma ce a ciki, ba ya son ya yi asarar bawa. A shafin ƙarshe kuma ya zana balbela sanye da hula, tana tsaye da ƙafa ɗaya a kan dutse don gudun laka, ya rubuta Malam Tsabta a ƙasa.

Ranar wata Laraba ruwa ya rutsa da mu a bakin gulbi, babu bishiya babu bukka. Littafin ya sha ruwa a aljihuna, ya kumbura, shafukan tsakiya suka rine da jar laka. Fensir bai narke ba. Haka na miƙa shi a jami'a, haka aka dawo mini da shi, na jefa a ƙasan akwati.

Bayan bautar ƙasa babu aiki. Arzikin yana ƙarƙashin ƙasa, amma ba wanda ya nemi mu duba masa. Ni na karɓi koyarwa a wata sakandare a Gummi, ina koyar da labarin ƙasa. Shi kuwa ya bi wasu masu haƙa rijiyar burtsatse, yana yawo ƙauye-ƙauye da su. A wurinsu ya koyi aiki da na'urar da ake kafa wa ƙarafuna a ƙasa, a tura wuta, ta nuna inda ruwa yake kafin a haƙa. A shekarun nan na ji tausayinsa ƙwarai. Yanzu da nake duba baya, na ga cewa tausayin nan daɗi yake yi mini. Ina da albashi da farar riga, shi yana zuwa Sallah da tsagaggun ƙafafu, in ce masa akuya ta dawo daga kiwo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sai yuraniyom ya yi daraja a duniya. Kamfanoni suka bazama hamadar da ke arewa da Agadas suna neman sabbin wuraren haƙa, suna kuma bukatar mutanen da suka san na'urorin auna ƙarƙashin ƙasa, suka iya zaman daji, suke jin Hausa. Taubashina ya ƙetara Nijar. Da ya dawo Sallah bayan shekara biyu, a jif ya shigo Anka, ya yi baƙi ya murje, da takalmin daji a ƙafarsa. Ya zo da wata ƙaramar na'ura mai kama da rediyo wadda take ƙara idan ta kusanci dutse mai yuraniyom. Zauren kawu ya cika. Ya yi ta ba da labarin jirgin sama da yake shawagi ƙasa-ƙasa yana auna hamada, da injin da yake huda ƙasa ya fito da dutse dogo kamar rake, a jera shi a akwatuna a karanta taku-taku. Duk abin da ya faɗa na san shi. Na karanta shi, na fi shi ci a jarrabawarsa. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba.

A lokacin masu haƙar zinariya sun fara yawa a dazuzzukanmu, wasu baƙi ne daga nesa, wasu manoman gida ne da suka ajiye fartanya. A Gummi sukan kawo mini dutse a ƙulle cikin tsumma in duba musu, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa. A wannan Sallar wasu biyu daga cikinsu suka shigo zauren, suka gaishe ni da girmamawa, suka tsallake ƙafata, suka kwance tsummansu a gaban taubashina.

Inna ma ba ta sauƙaƙa mini ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa yabona a gaban mutane ba, kunya ba ta bari. Ɗan wanta kuwa babu wannan shamaki a tsakaninsu. Tana tankaɗe a tsakar gida tana gaya wa maƙwabta, “Yaron ga na Yaya, ƙasa shika saurare kamar likita. In ya ce a gina nan, sai a gina.” Na san al'ada ce ta rufe mata baki a kaina. Sanin bai hana abin ya ci mini rai ba.

Wata uku kafin matarsa ta haihu ya same ni a Gummi, na fito daga aji da alli a hannun riga. Ya kaɗe mini hula ta faɗi, kamar kullum, sannan ya ce, “Bawana, na samo maka 'yanci. Muna biɗan mutum guda wanda zai zauna kan akwatunan dutse shina rubuta abin da ag ciki. Aikin mai haƙuri ne, mai son tsari, wato aikin balbela. Maigidanmu zai zo suna in Allah ya sauki iyali lahiya. Na yi mai maganarka.”

Na ce, ina ƙoƙarin kada muryata ta nuna komai, “Sai in haɗa takarduna.”

“Takardu? Ba ya duban takardu. Kowa na da takardu. Littahin daji shika dubawa. Ka kawo naka yadda yake, da lakarshi da balbelarshi.” Ya fashe da dariya, ya tafi yana dariya.

Wannan aiki shi ne abin da na yi shekara takwas ina so ban gaya wa kowa ba. Ba don jif ba, ko da yake ba zan ce ban kalli jif ɗin ba. Ina so ne sau ɗaya a rayuwata in zama abin da na karanta. Na kuma san cewa a shekaruna, da mata da 'ya'ya biyu, irin wannan ƙofa ba za ta sake buɗuwa ba.

Na fito da littafin daga akwati na buɗe. Abin da na gani ba aikina ba ne, rubutunsa na gani. Kowane shafi na uku yana gyara ni. Sai na ce a raina: wato so yake in miƙa wa maigidansa shaidar cewa shi ne gwani ni ne ɗan rakiya, a yi dariya a zauren ubansa ranar sunan ɗansa. Dariyar da ya yi a bakin aji ta dawo mini da wata ma'ana. Mutumin da bai taɓa yi maka magana ba sai da dariya, ta yaya za ka gane ranar da yake da gaske? Wannan ita ce hujjar da na ba kaina, kuma na daɗe ina riƙe da ita. Gaskiyar ita ce na gane da gaske yake. Ban dai so ya zama ta hannunsa, da rubutunsa a gefe, zan shiga ba.

Na sayi sabon littafi mai baƙin bango a kasuwar Gummi. Mako biyu ina zama a ofishin malamai tsakanin azahar da la'asar, bayan kowa ya tafi, ina kwafe tsohon cikin sabon da shuɗin biro da rula. Na zana duwatsun da kyau fiye da yadda na zana su a daji. Inda ya gyara ni, na rubuta gyaran kai tsaye kamar ni na gani tun farko. Gardandaminmu, da gargaɗin darma, da balbela, duk na bar su a baya. Aikin ya yi kyau. Irin littafin da nake ɗagawa a aji in ce wa ɗalibai su yi koyi ne. Shekara takwas ina ba da maki a kan tsabtar rubutu, har na yarda a raina cewa duk duniya haka ake auna mutum.

Da zan tafi Anka na sa duka biyun a jaka. Har yau ban san dalilin da ya sa na ɗauki tsohon ba.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna an raba goro, an yanka rago, jama'a ta ragu da hantsi, sai taubashina ya ja ni zauren kawu. Maigidan nasu yana zaune a kan tabarma, dattijo ne siriri daga wajen Tawa, Hausarsa kusan irin tamu, bayan hannuwansa duk rana ta ƙone. Kawu yana gefe da wasu dattawa biyu. Muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta. Sannan ya miƙo hannu, na ba shi sabon littafin. Tsohon yana cikin jaka a ɗakin Inna, gida biyu tsakani.

Bai fara da karatu ba. Ya juya littafin, ya dubi gefen shafukan, ya lanƙwasa shi kaɗan, ya buɗe tsakiya ya kai hanci. Sai ya bi shafuka a hankali, yana gyaɗa kai a wasu wurare. Na saci kallon taubashina. Idonsa yana kan baƙin bangon, murmushin da ya shigo da shi yana nan a fuskarsa amma ya tsaya cik.

Dattijon ya ce, “Wane lokaci kunka yi aikin ga, malam?”

“Farkon damina, ranka ya daɗe.”

“Wata guda bakin gulbi, farkon damina. Ruwa bai same ku ba?”

“Ya same mu.”

“To.” Ya sake shafa takardar da yatsa. “Wanga shi ne wanda ka riƙa cikin daji?”

Ya yi tambayar a sauƙaƙe, kamar mai buɗe wa mutum ƙofa. Da na ce a'a, na asalin yana gida, bari in ɗauko, da ban kai minti biyar ba na dawo. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma ɗauko shi yana nufin in buɗe shi a gaban kawu da dattawa, a gaban taubashina, a ajiye biyun gefe da gefe, kowa ya ga abin da na cire da wanda na cire.

Na ce, “Shi ne.”

Daga nan sai na jira. Na jira taubashina ya yi abin da aka haife shi ya yi. Ya tafa hannu ya ce ƙarya bawana yake yi, wanke littafin ya yi da sabulu, Malam Tsabta ke nan, a tashe shi ya ɗauko na gaskiya. Da zauren ya ɗauki dariya, da na zage shi na tashi na ɗauko, da ƙaryar ta zama wasa. Amfanin taubashi ke nan, shi ne mutum ɗaya da zai iya ƙaryata ka a gaban manya ba tare da mutuncinka ya zube ba. Ya buɗe baki, na gani. Sai ya dubi fuskata. Ban san abin da ya gani a cikinta ba, amma ya rufe bakinsa ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya rufe littafin. Ya ce, ba da faɗa ba, “A aikinmu, inda littahi ya ce, nan muka kai injin mu huda ƙasa. In mai rubutu ya yi kuskure, ina son in ga wurin da ya yi shi da yadda ya gane. Littahin da babu kuskure ciki, ban san inda zan yi hattara da shi ba.” Ya miƙo mini da hannu biyu. “Rubutunka na da kyau ƙwarai. Yaran makarantarku sun yi sa'a.”

Kawu, wanda bai fahimci abin da ya faru ba, ya ce madalla, Allah ya yi albarka.

Taubashina ya biyo ni waje, muka tsaya a inuwar katanga inda ake gyaran naman suna. Ya ce, “Ina na gaskiyar?”

“Yana ɗakin Inna.”

“To don mi?”

Na ce, “Kai ka ɓata shi. Ba shafin da ba ka sa hannunka ba. So kake ya ga kai ke gyara ni.”

Ya dube ni. Sannan ya ce, “Ai na riga na hwaɗa mai. Tun can hamada. Na ce akwai wani littahi da mutum biyu sunka yi ta gardama ciki shafi-shafi, kuma mai littahin bai goge ko kalma guda ba, har inda aka kada shi. Ya ce irin mutumin da shika biɗa ke nan, a kawo mai shi. Littahin nan ya zo gani.”

Taubashina ya ƙara da cewa ko yanzu in na ɗauko zai shiga tare da ni. Na ce ba sai an yi haka ba. Ya san, na sani, ba littafin ne matsalar ba kuma. Na riga na dubi dattijo a ido na faɗi abin da ba haka ba a kan rubutun daji, kuma aikin duka amana ce a kan rubutun daji. Da la'asar suka kama hanya. Daga baya na ji wani mutumin Filato aka ɗauka.

Yanzu shekarata hamsin, ni ne mataimakin shugaban makaranta. Shi ya yi gaba a sana'arsa, daga yuraniyom ya koma wasu ma'adinai, ya ga ƙasashen da ni a taswira nake nuna wa ɗalibai. Zan so in rubuta cewa hassadar ta mutu, amma na yi wa kaina alkawari ba zan sake wanke littafi ba. Tana nan. Ta rage zafi, ta koma kamar tsohon targaɗe da yake tashi idan hadari ya haɗu. Har shirun da ya yi a zaure ina yi masa hassadarsa, domin shi ya dubi fuskata ya gane ba wasa nake ba, ni kuwa shekara talatin ina duban tasa ina zaɓar abin da nake so in gani.

Bai taɓa tayar da maganar ba, bai gaya wa kowa ba, ko Inna ta rasu ba ta sani ba. Abu ɗaya ne ya canja. Tun ranar sunan nan bai sake kirana bawansa ba. Idan ya zo Sallah yakan zo har gida, ya miƙo hannu, ya ce, “Malam, an yi Sallah lahiya?” Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, ya yi sallama. Ni kuma in raka shi har bakin mota, hulata a zaune daram a kaina.